Lantarki a Cikin Igiyar Gado: Jacqueline Barton da Abokan Bincikenta

  

An ce in yi magana a kan yadda binciken masani guda yake yin tasiri, da irin rawar da abokan aiki suke takawa a ciki. Na ga gara in ɗauki mutum ɗaya mu bi sawunsa daki-daki, domin magana a dunƙule ba ta zama a kai. Wadda na zaɓa ita ce Farfesa Jacqueline Barton ta Caltech, wato cibiyar fasaha da ke Kalifoniya a Amurka. An haife ta a New York a 1952, ta yi digirin farko a kwalejin Barnard, ta yi na uku a Jami'ar Kolombiya a hannun Stephen Lippard, ta koma Caltech a 1989. Tun daga nan, mafi yawan aikinta a kan tambaya ɗaya ya tsaya: shin igiyar DNA, wadda ke ɗauke da gadon halittarmu, tana iya wuce da lantarki daga wannan kai zuwa wancan? In kuwa tana iyawa, me jiki yake yi da hakan?

Sai mu fara da siffar igiyar. Tufka biyu ce, kowane zare jerin haruffa ne guda huɗu da ake maimaitawa, A da T da G da C. Harafin A na wannan zare yana riƙe da T na wancan, G kuma yana riƙe da C. Ɗalibai duk sun san wannan. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba a aji shi ne kowane harafi sinadari ne shimfiɗaɗɗe, kuma tagwayen haruffan a kife suke ɗaya bisa ɗaya, tsakaninsu nanomita 0.34 kacal. Nanomita kuwa, in ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya ke nan. Ku tuna jeren kwanuka a ɗakin amarya irin na da, kowane kwano zaune daram a kan ɗan'uwansa har kusa da rufi. In ɗaya ya karkace a tsakiya, na samansa da na ƙasansa duk zamansu ya ɓaci. Wannan zama na kusa da kusa ya sa ilaktaron na kowane harafi suna gogar na maƙwabcinsa, shi ya sa tun a 1962 Daniel Eley da abokin aikinsa Spivey a Nottingham ta Ingila suka kawo zancen cewa lantarki zai iya bi ta tsakiyar jerin. Shekara biyu kafin su ma, Emil Paleček a birnin Brno ya nuna ana iya auna DNA da na'urar lantarki. Amma a lokacin babu mai iya ƙera igiya mai tsawon da yake so da haruffan da yake so, saboda haka zancen ya kwanta kusan shekara talatin.

Barton ta shigo fagen ne ta ƙofar ƙarafa. Malaminta Lippard yana nazarin yadda sinadaran filatinam, dangin maganin kansar nan cisplatin, suke kama DNA. Ita kuma ta ƙware wajen haɗa sinadarai masu ƙarfe a tsakiya da wani fiffike shimfiɗaɗɗe da ke kutsawa tsakanin haruffa ya zauna kamar ɗan gida. A 1990, tare da Nicholas Turro na Kolombiya, gwani a harkar haske da sinadarai, da Jean-Pierre Sauvage na Strasbourg a Faransa, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2016, suka bayyana wani sinadarin rutiniyom da ba ya haske a cikin ruwa, amma da ya shige tsakanin haruffan DNA sai ya kama walƙiya. Wannan ƙaramar fitila ita ta buɗe hanyar gwajin da ya tayar da ƙura.

A 1993 mujallar Science ta buga aikin da Catherine Murphy ta jagoranta a ɗakin binciken Barton. Sun ƙera igiya mai tagwayen haruffa 15. A kai ɗaya suka ɗaura irin waccan fitila ta rutiniyom, a ɗaya kan suka ɗaura sinadarin rodiyom mai ƙishirwar ilaktaron. In babu rodiyom, aka haska igiyar, fitila ta kama. In yana nan, fitila ba ta kamawa ko kaɗan, alhali tsakaninsu ya haura nanomita 4. Fassarar da suka yi ita ce ilaktaron ya bar rutiniyom ya bi ta cikin jerin haruffa ya isa rodiyom tun kafin fitilar ta sami damar haskawa.

Masana da yawa suka ce atafau ba haka ba ne, kuma suna da hujja. Abin da aka sani daga nazarin furotin shi ne duk ƙarin tazarar nanomita 0.2 yana rage saurin tsallen ilaktaron kusan ninki goma. Ku lissafa wannan a kan nanomita 4, ninki goma sau ashirin ke nan a jere. A bisa wannan lissafi, sai dai a gaji da jira. Abin ban sha'awa, manyan wannan fage biyu, Rudolph Marcus da ya karɓi Nobel a 1992 da Harry Gray, a Caltech ɗin suke tare da Barton a lokacin. Masu suka suka ce wataƙila igiyoyin ne suka cure wuri ɗaya a cikin ruwan gwaji har rutiniyom na wannan ya taɓa rodiyom na waccan. A 1997 Frederick Lewis da abokansa a Jami'ar Northwestern suka yi nasu awon da wata irin igiya dabam, suka ga saurin yana raguwa sosai da ƙaruwar tazara. Bernd Giese a Basel ta Suwizalan da Gary Schuster a Jojiya suka kawo bayanin cewa cajin yana tafiya ne zango-zango, yana yada zango a kan harafin G, domin shi ne ya fi saurin sakin ilaktaron ɗinsa.

Ni a ganina wannan gardama ita ce alheri mafi girma da ya sami binciken. Da an tafa mata an wuce, da ba a tilasta wa kowa ƙirƙiro gwaji mafi tsauri ba. Martanin Barton na farko mai nauyi ya zo a 1996 a mujallar Nature. Maimakon fitila, wadda ake iya jayayya a kan dalilin mutuwarta, sai suka nemi tabo. Suka ɗaura rodiyom a kan igiya, suka haska, sannan suka duba inda lahani ya bayyana. Ya bayyana can nesa, a wuraren da G biyu ke jere, ba a gindin rodiyom ba. A 1999 ɗalibarta Megan Núñez ta nuna irin wannan lahani a tazarar nanomita 20. Ma'anar wannan ga likitanci babba ce: abin da ke ɓata DNA ba sai ya taɓa wurin da zai ɓata ba.

A nan ne wani suna da kuka sani ya shigo. Ahmed Zewail, ɗan Masar da ya yi karatu a Jami'ar Iskandariyya, a lokacin yana Caltech da na'urorin leza masu ɗaukar abin da ke faruwa cikin femtosakan, wato ka raba daƙiƙa ɗaya gida miliyan sau biliyan. Barton tana da igiyoyi da tambaya, Zewail yana da agogon da babu irinsa. A 1999, shekarar da ya karɓi Nobel, suka fitar da sakamako tare. Sun ga tafiyar cajin kashi biyu ce, wata cikin kimanin femtosakan dubu 5, wata kimanin dubu 75, kuma ta biyun tana jiran sinadarin da aka ɗaura ne ya juya ya daidaita zamansa a cikin jerin. Da tazara ta ƙaru, saurin bai canja sosai ba, yawan cajin da ke isa ne ya ragu. Wato igiyar ba a sandare take ba, kullum haruffanta cikin motsi suke, kuma caji yana wucewa ne a ɗan lokacin da jerin ya daidaita. A 2004 aka ƙara tabbatar da hakan ta hanya mai sauƙin fahimta: aka daskarar da igiyar a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, motsi ya tsaya, tafiyar caji ma ta tsaya. Wayar tagulla in ta yi sanyi ƙara wuce da lantarki take yi. Saboda haka masu cewa DNA ba waya ba ce sun yi gaskiya, masu cewa caji na yin doguwar tafiya a cikinta su ma sun yi gaskiya, kuma sai da ɓangarorin biyu suka shekara goma suna auna aikin juna kafin a gane haka.

Yanzu mu zo inda kimiyyar lantarki da sinadarai ta shigo sosai, nan kuma zan ɗan daɗe. Duk gwaje-gwajen da na ambata da haske ake yin su, da kayan aiki masu tsada. A unguwar Eagle Rock ta Los Angeles, ba nisa da Caltech, akwai wata ƙaramar kwaleji mai suna Occidental, inda wani malami Michael Hill yake koyar da 'yan digirin farko. Sana'arsa auna lantarkin da ke shiga da fita tsakanin ƙarfe da ruwan sinadari. Shi da wata ɗalibar Barton, Shana Kelley, suka tsara abin da ya zama babban makamin ɗakin binciken, suka fara bugawa a 1997.

Ga yadda abin yake. A samo ɗan faifan zinare. A ƙera gajerun igiyoyin DNA, kowace da ƙwayar farar wuta a gindinta, domin farar wuta tana manne wa zinare ƙam. A ɗiga ruwan igiyoyin a kan faifan a bar shi ya kwana. Da safe igiyoyin sun tsaya cirko-cirko, gindi a zinare, kai a sama. Sai a kawo shuɗin metilin, rinin nan da ma'aikatan ɗakin gwajin asibiti suka sani domin yana cikin abin da ake rina jini da shi in ana neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Rinin ya shige tsakanin haruffan da ke can saman igiya. A jona faifan da na'ura, a riƙa sauya ƙarfin lantarki sannu a hankali. In igiyar lafiya take, ilaktaron ya taso daga zinare ya bi jerin haruffa ya isa rinin, sai ka ga layin da ke kan allon kwamfuta ya yi tozo. In harafi ɗaya tak bai dace da abokinsa ba, tozon ya faɗi warwas. A 2000 Elizabeth Boon ta ƙara wata dabara, ta zuba wani gishirin ƙarfe a ruwan wanda ke karɓe ilaktaron daga rinin, rinin ya koma ya sake ɗauko wani, ta haka siginar ta ninku har ana iya gane kowane irin kuskuren harafi, har da waɗanda ake samu a ƙwayar gadon p53 mai alaƙa da kansa.

Domin ku ga abin kusa, ku ɗauki cutar sikila. A nan ƙasar kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Asalin cutar harafi ɗaya ne: inda ya kamata a karanta GAG a ƙwayar gadon haemogulobin, sai aka sami GTG. In ka dasa zare mai CTC a kan zinare ka kawo zaren mai lafiya, G ya kama C, A ya kama T, G ya kama C, lantarki ya wuce. In zaren mai sikila ne, T zai fuskanci T a tsakiya, jeri ya karkace, lantarki ya ragu. Misali nake bayarwa na yadda ƙa'idar take aiki, ba wai da wannan ake gwajin kafin aure a asibitocinmu ba. Wancan gwaji furotin ɗin jini yake dubawa, ya sa shi a filin lantarki ya ga inda zai tsaya, kuma asalinsa aikin Linus Pauling da Harvey Itano ne na 1949, shi ma a Caltech.

Bari in ɗan ratse. Michael Hill ba daga babbar jami'a ya fito ba, kuma ba don a yi masa alfarma aka sa sunansa ba. In ka ɗauki kowace takarda cikin waɗanda na ambata, za ka iya nuna abin da kowane suna ya kawo: wannan leza, wannan faifan zinare, wannan furotin. A jami'o'inmu, saboda ƙarin girma ya rataya a kan ƙirgen takardu, mun saba da al'adar "sa ni a taka, in sa ka a tawa", har ka ga suna takwas a kan aikin da mutum biyu suka yi. Sunaye suna ƙaruwa, amma ba a auna wani abu da a da ba a iya aunawa ba. Na san matsin da ke jawo hakan, ni ma a cikinsa nake aiki, amma kada ɗalibai su ɗauka wannan shi ne haɗin gwiwa.

Mu koma. An ci gaba da matsa wa gwajin. A 2008, tare da Colin Nuckolls na Kolombiya, aka yanke wani siririn bututun kabon aka haɗa gaɓar da igiyar DNA guda ɗaya, aka ga kuskuren harafi ɗaya yana ƙara tirjiyar lantarki kusan ninki 300. A 2011 Jason Slinker ya auna tafiyar caji a igiya mai tagwayen haruffa 100, tsawon nanomita 34.

To, ina na'urar a kasuwa? Gaskiya ba ta kai inda aka yi fata ba. A 2001 Barton da Kelley suna cikin waɗanda suka kafa kamfanin GeneOhm Sciences, wanda Becton Dickinson ya saya a 2006 a kan dala miliyan 230. Sai dai gwajin da ya fi yi wa kamfanin suna, na gano ƙwayar cutar MRSA mai jure magani, da fasahar PCR yake aiki, wadda ta zo ta haɗewarsu da wani kamfanin Kanada. Dalilin jinkirin ba ɓoyayye ba ne. Na'urar awon sukari da masu ciwon suga ke riƙewa a gida ita ma da lantarki take aiki, amma sukari yana da yawa a ɗigon jini ɗaya. DNA kuwa sai an fasa tantanin halitta an tsamo ta, an tace, sau da yawa an ninka ta, sannan faifan zinaren yana da tsirfa, in igiyoyin suka kwanta ko suka cushe sai awo ya rikice. Kelley ta koma Jami'ar Toronto ta ci gaba da ƙera na'urorin gano cuta ta hanyar lantarki, kuma tana cikin ɗalibai da masu neman ƙwarewa sama da 100 da suka ratsa ta hannun Barton. Murphy da Núñez da Boon duk sun zama farfesoshi masu ɗakunan bincikensu. Ita kanta Barton ta karɓi lambar kimiyya ta ƙasa daga hannun Shugaba Obama a 2011, da lambar Priestley a 2015.

Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: shin jiki yana amfani da wannan lantarki? Kowace rana DNA ɗin kowane tantani a jikinmu tana samun lahani dubbai. Tomas Lindahl, wanda ya sami Nobel a 2015, ya ƙiyasta cewa haruffa wajen 10,000 suke ɓallewa a tantani ɗaya a yini. Akwai furotin masu gyara, amma ba su da yawa. A ƙwayar bakteriyar E. coli, mai tagwayen haruffa miliyan 4.6, wani mai gyara da ake kira MutY bai wuce guda 30 ba. Ta yaya 'yan kaɗan haka suke gano ɓarna a kan lokaci?

Tun 1989 aka san cewa wani ɗan'uwan MutY, EndoIII, yana ɗauke da wani ƙulli na ƙwayar ƙarfe huɗu da farar wuta huɗu. Irin wannan ƙulli a wasu furotin aikinsa miƙa ilaktaron ne, amma a nan an gwada an ga ba ya bayarwa ba ya karɓa, sai aka ce ginshiƙi ne kawai da ke riƙe siffar furotin ɗin. Sheila David, wadda a lokacin take Jami'ar Utah, ta daɗe tana nazarin MutY, wanda shi ma yake da irin wannan ƙulli, tana da shi tatacce da ire-irensa da aka sauya wa gaɓa. Tana ma cikin waɗanda suka gano a 2002, tare da masu bincike a Cardiff, cewa lalacewar irin wannan furotin a jikin ɗan Adam tana jawo wata kansar hanji ta gado. Ita ta kawo furotin, Barton ta kawo faifan zinare. A 2003 suka ba da rahoton cewa da MutY ya hau kan igiya, ƙullin nan ya farka, yana miƙa ilaktaron ta cikin DNA. Masu gwajin farko sun auna shi ne a ruwa shi kaɗai, babu igiya. Hawa kan DNA yana sauya halin ƙullin da kimanin milibolt 200, abin da ya isa ya sa shi iya sakin ilaktaron a yanayin da ke cikin tantani.

Daga nan suka gina wani bayani. Furotin da ya saki ilaktaron yana damƙe igiya da ƙarfi, ninki ɗaruruwa fiye da wanda ya karɓa. In guda biyu suna kan igiya ɗaya nesa da juna, ɗaya ya aika wa ɗaya ilaktaron. Isar saƙon shaida ce cewa tsakaninsu lafiya, wanda ya karɓa sai ya saki ya tafi wani wuri. In akwai ɓarna a tsakani, saƙo ba ya isa, kowa ya zauna a inda yake, a hankali masu gyara su taru a kusa da lahani. A 2009, tare da Dianne Newman mai nazarin bakteriya, suka gauraya igiyoyi masu lafiya da masu kuskure ɗaya, suka duba da madubin da ke lalube da tsinin allura, suka ƙirga, suka ga furotin sun fi taruwa a kan masu kuskuren. Daga baya aka ga irin wannan hali a XPD, wani mai gyara da suka nazarta tare da John Tainer.

A 2017 suka ƙara taku. Tare da Walter Chazin na Jami'ar Vanderbilt suka buga a Science cewa furotin ɗin da ke fara kwafar DNA a jikin mutum, wanda shi ma yana da wannan ƙulli, yana amfani da ilaktaron wajen sanin lokacin kamawa da lokacin miƙa aiki ga na gaba. A cikin shekarar, Luca Pellegrini na Kambirij da rukunin Tahir Tahirov na Nebraska suka aika wa mujallar da suka a rubuce. Hujjarsu ita ce guntun furotin da aka yi gwajin da shi bai naɗu daidai ba a wani sashe, don haka ba za a gina hukunci a kansa ba. Barton da Chazin suka mayar da martani, suka biyo da ƙarin gwaje-gwaje a kan irin wannan furotin na yis.

Inda aka kwana ke nan. Cewa caji yana tafiya mai nisa a cikin DNA, kuma kuskuren harafi ɗaya yana tare shi, wannan ya zauna, ɗakunan bincike da yawa sun maimaita. Cewa furotin masu ƙullin ƙarfe suna musayar ilaktaron ta cikin igiya a kan faifan zinare, shi ma an auna. Amma a cikin tantani mai rai, DNA a naɗe take a jikin wasu furotin, ga dubban sinadarai masu ba da ilaktaron da masu ƙwacewa suna kai da kawowa, kuma yawancin hujjar da ake da ita daga can ta kaikaice ce, ta hanyar lalata wata ƙwayar gado a ga abin da zai biyo baya. Masu nazarin gyaran DNA da dama har yanzu suna bayyana neman lahani da zamewar furotin a kan igiya da tsalle daga wannan sashe zuwa wancan, ba tare da sun kawo zancen lantarki ba. Abin da zai raba gardamar shi ne a kama ilaktaron ɗin yana tafiya tsakanin furotin biyu a cikin tantani mai rai, kuma hakan na buƙatar na'urar da za ta auna caji ɗaya a wuri mai cunkoso ba tare da ta kashe tantanin ba.